Ruwan Rijiyarmu Ya Girme Ni

Assalamu alaikum maigidana Sani. Ina gajiya, ya karatu, ya sanyin Jos? Ina fata kana cin abinci, don ni ba na son ramammen miji. Mu nan Gagarawa lafiya, sai abu ɗaya.

Kwanakin baya masu binciken ruwa suka ɗebi na rijiyarmu a kwalba, jiya suka dawo. Shugabarsu ta ce ƙwayoyin ruwa kamar tsabar gero suke, iri ɗaya amma wasu sun fi nauyi, wai aisotof. In aka auna yawan masu nauyin cikin marasa nauyi, sai a gane ruwan yaushe ne. Namu, in ji ta, ya sauka tun kafin kakannina, kuma na damina ba ya isa wurinsa.

Na ce ashe akwai wanda ya girme ni a gidan nan. Ko murmushi ba ta yi ba. Sai na tuna bana ma mun ƙara wa guga igiya.

Injin ban ruwan da za ka turo saboda lambu, dakata tukuna, kada mu zuƙe ruwan da ba ya dawowa. Ka sa mu a addu'a, ka gaida abokan zamanka.

Uwargidanka,
Kaka