Kwalbatin Mma Fuseina da Shinkafar Majalisa

Talata, 7 ga Mayu, 2024
Alkawari ɗaya na yi wa unguwa kafin su zaɓe ni wakiliyarsu a majalisar ƙaramar hukuma: kwalbati a bayan gidan Mma Fuseina mai koko, inda ruwa ke shiga ɗakuna duk damina. Yau an ɗage maganarsa, an sa hidimar majalisa a gaba: man babur, kuɗin zama, abincin rana. Namu ke nan, mu wakilai. Raina bai kwanta ba.

Alhamis, 9 ga Mayu
Na lura da wani abu. Ba a ta da maganar kuɗinmu sai azahar ta gota, daidai lokacin da ake shigo da robobin shinkafa ana jerawa a bayan zaure. Ƙamshin soyayyen zabo ya cika wuri, sai shugaban zama ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Wa zai tsaya gardama da yunwa? Na tambayi Andani, wani wakili da ya tsufa a majalisar nan, ko da gangan ake yi. Ya yi dariya, wai ni sabuwa ce. Dariyar ma ban yarda da ita ba.

Laraba, 15 ga Mayu
Na miƙe na ce a gama da kwalbati kafin a taɓa kuɗinmu. Aka yi min tafi, har da shugaban. Tafin nan ya fi ba ni tsoro. An tura maganar kwamiti. Na bar robata a kan benci don haushi, ina kallo wani ya haɗa da tasa.

Lahadi, 19 ga Mayu
An yi ruwa da asuba. Katifar Mma Fuseina na shanye a kan katanga.

Alhamis, 23 ga Mayu
Andani har gidana, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce wanda bai ɗaga hannu a kan hidimar majalisa ba, babu mai ɗaga wa aikin unguwarsa hannu. "Ɗiyata, ci da mu tukuna, sa'an nan mu ji kukanka." Shawara ce ko barazana? Kuma wa ya aiko shi?

Talata, 28 ga Mayu
Na ɗaga hannu a kan hidimar majalisa. Ba sosai ba, iya kafaɗa. An ƙirga da ni.

Talata, 11 ga Yuni
Kwalbati na kwamiti har yanzu. Andani ya ce bayan damina, in Allah ya yarda. Mma Fuseina ta tare ni da yamma, ta ce, "Onarabul, yaya maganarmu?" Na ji bakina yana cewa akwai tsari, aikin hukuma ba a yi masa gaggawa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta rusuna ta ce ta gode. Matar da ta goye ni ina jaririya. Abin ya tsaya min a rai, amma ai ba ƙarya na faɗa ba.

Gobe akwai zama. Ta unguwar Tishigu zan zagaya, ba ta ƙofar gidan Mma Fuseina ba; hanyar ta fi kyau ga babur. Ba don komai ba.