Buhunan Waken da Dogo Ya Kai Maraɗi

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024
Takarda ta zo daga lauyan Ɗanbaba, ɗan marigayi Alhaji Tambari na Maraɗi. Kwana ashirin da ɗaya in biya sefa miliyan shida, kuɗin injin matsar gyaɗa, ko su nemi kotu ta rufe kamfanin. Kamfani! Rumfar kwano, inji ɗaya, mata goma sha ɗaya masu suyar ƙuli. Da na karɓi injin, jakar sefa ba ta kai naira dubu ba. Yau ta doshi dubu uku. Bashi na barci yana ƙiba, ni ina ramewa.

Turancin lauyan da kuskure huɗu. Na gyara da jan biro. Shekara talatin ina koyarwa, hannu ya saba.

Laraba, 6 ga Nuwamba
Gusau, wurin Barista Naja'atu. Ɗalibata ce a da, na sha ba ta uku bisa goma. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta faɗi kuɗin aikinta ba ko ƙifta ido.

Na ce rabin bashin na biya da wake, buhu ɗari da ashirin, tun Alhaji na da rai. Ta ce, "Rasit fa, Malam?" Wa ke tambayar Alhaji Tambari rasit? Mutumin da ya ba ni inji da musafaha kawai. Ta ce in akwai shaida za ta nuna wa kotu adadin ma ana jayayya a kansa, ba a rufe kamfani a kan haka. A kawo wanda ya kai waken ya yi rantsuwa a rubuce.

Alhamis, 7 ga Nuwamba
Kasuwar Shinkafi. Na sami Dogo direba ƙarƙashin motarsa. Ya tuna waken sarai. Da na ambaci rantsuwa ya fito yana goge hannu. "Malam, gidanmu ba a dahwa Alƙur'ani ko kan gaskiya. Ubana gona ya bari don kada ya rantse."

Na kawo masa hujjojin malamai har uku. Ya ce Allah ya ƙara sani, ya koma ƙarƙashin mota.

Lahadi, 10 ga Nuwamba
Ciwon baya. Sefa ta ƙara hawa.

Alhamis, 14 ga Nuwamba
Matata Saude ta ce matan rumfa sun ji labari, ɗaya har ta tambaya ko ta fara neman wankau. Ta ce, "Malam, kai da ke rubuta ranar da akuya ta haihu, ba ka rubuta wake ba?" A lokacin gani nake rubutawa rashin kunya ne ga mai karamci.

Na kira Ɗanbaba. Ya ce, "Baba, ba ni kaɗai ba ne, akwai ƙannena marayu, rabon gado ake." Littafin uban ya gani, ba wake a ciki. Na so ya yi mini rashin kunya in ji daɗin fushi. Bai yi ba.

Talata, 19 ga Nuwamba
Dogo ya zo nan Kaura da kansa. Ya ce ya kasa cin tuwo saboda matan nan. Zai rantse. "Amma tamanin ne, Malam. Tahiya biyu, arba'in-arba'in. Ta ukku aka ruhe iyaka, ka ce a kai Kasuwar Daji a sayar."

Na ce ya tsufa. Ya ce ya yarda, amma tamanin ne.

Laraba, 20 ga Nuwamba
Kwanon rumfa. Da kuɗin tafiya ta uku na sayi kwanon rumfa. Shekara biyar ina faɗin ɗari da ashirin har na ji ta a bakina kamar karatun sallah.

Juma'a, 22 ga Nuwamba
Naja'atu ta riga ta buga ɗari da ashirin a takardar rantsuwata. Ta ce wa ya san adadin in ba ni ba, sai dai kada mu saɓa da Dogo. Na karɓi biro na soke, na rubuta tamanin. Ta dube ni, ta karɓi takardar.

Za ta shigar da takardun a kotu Litinin, ranar ƙarshe. Inji zai tsira, in ji ta, in na fara biyan sauran. Da sefa. Filina na hanyar Zurmi ke nan ya tafi, dama ba na iya zuwa.

Na ce wa Saude ta faɗa wa matan su zo gobe da wuri, akwai gyaɗa buhu tara. Ba wani abu ba ne, gyaran lissafi ne kawai.