Bajiminka da na hana lasar kanwa

Zuwa ga ƙanena Ilu a Kano. Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina iyali, yaya baƙunta? Mu nan Tarka sai godiya.

Tun ina yaro nake jin wai saniyar da ta rasa kanwa takan ci ƙashi. Na ɗauka tatsuniya ce. Bana ciyawa ta yi kyau, sai na hana a kai bajiminka lasar kanwa a arewa. Yanzu ga shi cikin ciyawa har gwiwa, amma haƙarƙari a waje, girma ya tsaya. Ina tsoron ba zai kai daminar baɗi ba.

Ka yafe mini, ka taya mu addu'a, ka gaida Hajara. Maganar ƙashin kuwa, Jaɓɓo makiyayi ne ya maimaita mini jiya, bayan ya zaro na jaki daga bakin bajimin.