Wuƙar da Ajimi Bai Gama Ba

Hajiya Rahmat, don Allah ki taimaka mini, abin ya fi ƙarfina.

Yayana Ajimi ɗan kasuwar kifi ne a Baga Road, amma ransa na kan wuƙaƙen aljihu, irin masu naɗewa. Duk inda ya ga tsohuwa sai ya saya, ko ta Chadi ce ko ta Kamaru. Kuma ba ya barin ta yadda ta zo. Sai ya ɓalle ƙotar, ya samo ƙaho a Kasuwar Shanu, ya fere, ya kafa da ƙusar tagulla. Ba ya ba mutum wuƙa sai ya auna tafin hannunsa. Ni kuwa kullum tsokanata yake, wai hannun ɗan boko gare ni, sai dai reza.

Ana nan ya auna nawa. Ya zaɓi wata siririya, ya cire ƙotar, ya fere ƙaho ɓari ɗaya, sannan ya tafi sarin bandar kifi bakin tafkin Chadi. Motarsu ba ta dawo ba. Ba gawa, ba labari, shekaru ke nan.

Lokacin da jami'an tsaro ke binciken makamai gida-gida, maƙwabta har wuƙar yanka albasa suka zubar a masai. Mahaifiyarmu, Ya Yakaka, ta binne gwangwanin wuƙaƙen Ajimi ƙarƙashin randa. Da aka tono, sauran da sauƙi, amma tawa da ke tsirara tsatsa ta kama ta, kuma kullum ci take. Na ce zan kai wa maƙeri ya ƙarasa. Wayyo, Hajiya, ba ki ga kallon da ta yi mini ba. Ta ce mai aikin zai zo ya gama abinsa, ta kwana biyu ba ta ci abinci ba.

In na bari, ƙarfen zai ruɓe, ita kaɗai ce abin da ya yi da sunana. In na gama, na ce wa uwata ɗanta ya mutu. Wallahi na gaji, kuma ina kewarsa.

Ƙanin Ajimi, Bolori

Ɗana, Allah ya sanyaya muku.

Kana da gaskiya, ƙarfe ba ya jira. Ita ma tana da tata: ba a nuna mata kabari ba, to da me za ta sallama? Kada ka kuskura ka kai wa maƙeri a ɓoye. Za ka sami wuƙa, ka rasa amincewarta.

Amma tsare abu daban, ƙarasa shi daban. Sayi man keken ɗinki, ka nemi tsumma mai laushi, ka ce mata kana so ku kula da kayan Ajimi yadda zai so. Wannan ba ƙarya ba ce. Ku goge tsatsar, ku shafe ta, ku naɗe. Ƙahon kuwa ka bar shi sai ranar da ta miƙo maka da kanta, ko da ranar ta yi nisa.

Kuna gogewa, ka riƙa yi mata hirarsa. Ina zargin gidanku an daina ambatonsa don tsoron kukanta. Bar ta ta yi, kai ma ka yi naka a gabanta. Ta daɗe tana zaton ita kaɗai ce ba ta manta ba.

In Ajimi na raye, Allah ya bayyana shi. In ya riga mu, Allah ya ji ƙansa. Duka addu'o'in biyu ina yi muku, har ranar da Ya Yakaka za ta iya cewa amin ga ta biyun.