Bashin Babur ɗin Takwarana Ya Hau Kaina

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba.

Ban daɗe da zuwa garin nan ba. Guga nake yi a wani gidan wanki, a tsaye wuni guda, tururi a fuska. Cunkushe muke a ɗaki ɗaya a gidan kawuna, wanda ya riga dawowa shi ke samun gefen bango. Matata tana gida wurin mahaifiyata, kullum ta bugo waya tambayarta ɗaya, yaushe za ta taho. Da ƙyar na samu ɗaki mai ɗan kicin. Dillalin gidan ya ce sai an duba rahoton bashina. Ni ban ma san ana rubuta wa mutum irin wannan ba. Na ce ya duba, ko katin waya ban taɓa ranta ba. Washegari ya ce mai gida ya ƙi, wai na ɗauki babur a kan zan biya kaɗan-kaɗan, na gudu.

Anti, ni ko keke ban iya ba. Yanzu a wurin aiki Mai Babur suke ce min, in na shigo su riƙa ƙarar inji da baki.

Da aka fitar da takardar, abokin aikina ya karanta min. Sunana ne sak. Amma ɗan wan babana ne ya ɗauki babur ɗin. Ni da shi sunan kakanmu muka ci, Takwara ma muke kiran juna. Duk wanda ya zo daga gida adireshin Kawu yake bayarwa. Ranar haihuwa kuma ba wanda ya rubuta tamu, mai cike takarda ya sa mana ɗaya ga watan ɗaya, shekarar ma iri ɗaya. To masu rubuta rahoton sun ɗauka mutum ɗaya ne.

Takwara shi ya tare ni a tasha, shi ya nema min aikin nan, rigar da na je da ita ma tasa ce. Ya faɗi da babur ɗin, ƙafar ba ta koma daidai ba, aiki ya tsaya. Kawu ya ce in yi shiru in riƙa biya, wai in na je ofishin masu rahoton na tona asirin gida. Na je sau ɗaya a ɓoye, na wuni a benci, aka ce in koma in rubuto. Wani kuma ya ce in ba shi kuɗi ya goge min suna. Dillali ba zai riƙe ɗakin ya wuce ƙarshen wata ba. Na gaji, Anti. In na yi magana na ci amana, in na yi shiru matata ta ci gaba da zaman jira. Ya zan yi?

Ƙaninki, mai guga.

Amsa

Ƙanena, sannu da ɗawainiya. Kawu ba mugunta yake nufi ba, rufin asirin gida yake nema, kuma alherin Takwara a kanka ba abin mantawa ba ne. Amma shawararsa ba za ta fisshe ka ba. In ka biya da sunanka ka amsa cewa bashin naka ne, kuma tabon kan daɗe a rahoton ko an gama biya.

Gyaran kuskure daban, kai ƙara daban. Abin da za ka ce kawai, wannan bashi ba nawa ba ne. Ka sa abokin aikinka ya rubuta maka haka zuwa kamfanin da ya fitar da rahoton, da kuma wanda ya sayar da babur ɗin. Ka haɗa da kwafin katin shaidarka, don lambarsa ba ɗaya ba ce da ta Takwara, da duk takardar da ke nuna lokacin da ka iso garin. Ka nemi su duba yarjejeniyar da aka sa wa hannu. Ka ajiye kwafin komai, ka karɓi shaidar cewa sun karɓi kokenka, ka kai wa dillali ya nuna wa mai gida. Mai cewa zai goge maka suna kuwa, kada ka ba shi ko sisi.

Ba zan ɓoye maka ba, in sun gyara, bashin zai koma kan mai shi. Saboda haka ka fara zama da Takwara, ku biyu, kafin takardar ta tafi, kada ya ji a bakin wani. Ka raka shi ya nemi sassauci saboda ƙafarsa. In kana da halin taimaka masa, ka ba shi a hannunsa ya biya da lambar katinsa.

Gyaran kan ɗauki lokaci, mai yiwuwa wannan ɗakin ya wuce ka. Ka gaya wa matarka gaskiya tun yau, ta san abin da take jira. Allah ya ba Takwara lafiya, ya haɗa ka da iyalinka cikin sauƙi.