Kwanon Wanda Ba Ya Nan

Talata da dare, ƙarshen Rajab, unguwar Shisha a ƙasa mai tsarki

Ƙafafuna kamar ba nawa ba. Tun asuba nake tsaye a kicin ɗin Hajiya Maryam, 'yar Caina da nake wa aiki. Yau jajibirin sabuwar shekararsu ne, dole dangi su ci tare. Na ƙirga mutum tara, na ga kwano goma a tebur, sai na ɗauke ɗaya.

Hajiya ta riƙe hannuna. "Mayar da shi, Rabi. Na ɗana Yusuf ne."

Na ce ai yana Caina.

Ta ce, "Shi ya sa."

Na mayar.

Shekara sha ɗaya rabona da Kano, ga shi ba ni da iƙama, takardar izinin zama, balle in je gida in dawo. Ina so in tambayi Inna ko ana fito da kwanona ranar Sallah, amma tsoron amsar nake.