Ba Ni Na Ce A Sake Kokawar Bello Ba

Zuwa ga Shugaban kwamitin shirya kokawa tsakanin garuruwan Boɗinga da Shagari.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kai da iyali kuna lafiya. Sau uku ina zuwa ƙofar gidanka ana ce mini kana hutawa, shi ya sa na rubuto ta inda kowa zai gani.

Ni ne Umaru, mutumin Danchaɗi, sanƙiran da ke riƙe muku lasifika shekara goma sha ɗaya. Ni ke kiran 'yan kokawa fage, in yi musu kirari, in faɗa wa jama'a hukuncin alƙali. Ban taɓa ƙara ko kalma ɗaya a kan hukunci ba sai a gasar bayan girbin bana, kuma kai ka sa ni.

Na farko, ga abin da ya faru. A karon ƙarshe Bello na Mandera, ɗan kokawar Shagari, ya ɗaga Sani na Danchaɗi, ɗan kokawar Boɗinga, ya shimfiɗe shi da baya. Alƙali ya ɗaga hannun Bello, makaɗa suka juya kiɗa, mutanen Shagari suka fara rawa. Ina shirin sanarwa ka taso da kanka daga rumfa, ka dafa kafaɗata ka ce, "Babban baƙo yana waya, bai ga kayen ba. Ka ce a sake." Na ce, "Ranka shi daɗe, ai an yi kaye." Ka ce, "Kai aka ɗauka ko ni?"

Na ji tsoron idonka, na faɗa. Wannan laifina ne, ba zan ɓoye ba.

Aka sake. Bello ya riga ya saki jiki, har ya sha ruwa. Suka faɗi tare, Sani a sama, kafaɗar Bello ta dama ta shige ƙarƙashinsa. Ina tsaye kusa, na ji ƙarar ƙashin. Babu malamin asibiti a filin, babu mota. A bayan babur aka kai shi wurin maɗori, yana cizon rigarsa, ku kuma kuna miƙa wa Sani kambu ana ɗaukar hoto.

Na biyu, kuma shi ne ya fi ƙona mini rai. Da dattawan Mandera suka zo maka da ƙorafi, sai ka ce musu sanƙira ne ya yi gaban kansa don ya ga ɗan garinsu a ƙasa. Ni! Ka kalli tsofaffi masu furfura ka faɗi haka? Yanzu in na shiga kasuwar Shagari sai a daina magana. Mahaucin da nake ciniki da shi tun ina saurayi ya ƙi amsa sallamata. Matata 'yar Lambara ce, can ƙasar Shagari. Ta je suna gidansu, ta dawo tana kuka saboda abin da aka faɗa a kaina a gabanta. Shi kansa Sani ya rataye kambun a ɗaki, ya ce kunya ba ta barinsa ya fito da shi.

Na je Mandera na duba Bello. Hannunsa na ɗaure, albasarsa na fadama tana neman ruwa, maƙwabta ke karɓa-karɓa suna yi masa ban-ruwa. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Malam Umaru, muryarka na ji, shi ya sa na koma fage." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Kai ko aike ba ka yi masa ba.

Ga abin da nake nema. Ka tara dattawan nan ka faɗa musu da bakinka wanda ya ba da umarni. A mayar wa Bello kambunsa a gaban jama'a, kwamiti ya ɗauki nauyin jinyarsa. Kada a sake buga gangar kokawa babu malamin asibiti da mota a bakin fili. Kuma a rubuta cewa in alƙali ya ɗaga hannu, magana ta ƙare, ko wane ne ke zaune a rumfa.

Ranar kasuwar Shagari mai zuwa zan tsaya a tsakiyarta in faɗi duk wannan, har da nawa laifin. Na fi so ka riga ni.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya, ya ba Bello sauƙi.

Wassalam.

Umaru Sanƙira, Danchaɗi.